Murabus ɗin Mani Mai Waƙar Gayya

Akwai wani mawaƙin noma da aka yi a zamanin Turawa, a wani ƙauye da ake kira Tudun Gawo, can ƙasar Dawakin Tofa. Sunansa Mani. Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama ku ji yadda mutum yake haɗa wa kansa kunya da hannunsa, alhali shi a ganinsa wayo yake yi.

A wannan yanki gona manne take da gona, gida yana kallon gida. In damina ta kankama ciyawa ba ta jiran kowa, don haka sai a kira gayya. Mai gona ya dafa abinci, majiya ƙarfi su taru su nome masa, makaɗa na bin su a baya suna zuga su.

Kafin Mani, makaɗi ɗaya ne yake bin manoma da ganga, ba waƙa sai ihu. Mani ne tun yana saurayi, a shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa Kano, ya bi gida gida ya zaɓo masu murya. Ya koya musu amshi, ya haɗa su da makaɗa, suka zama ƙungiya.

Ba za a hana shi abu ɗaya ba: Allah ya ba shi murya. In ya ɗaga ta a gonakin gabas, matan da ke daka a yammacin gari sukan dakata da taɓarya a hannu.

Sai dai Allah bai haɗa masa da hali ba.

Mani bai ɗauki 'yan amshinsa a bakin komai ba. Magidanta ne masu 'ya'ya, wasu har da jikoki, amma bai taɓa kiran ɗayansu da sunansa a gaban mutane ba. Wannan Sauro, wancan Kunnen Jaki. In kaka ta yi masu gona suka aiko da dammunan dawa, sai ya zaɓi manya ya jibge a rumbunsa, ya nuna musu saura da ƙafa.

Ba kuma wanda ya isa ya ja baiti ko ɗaya. Shi ya faɗa, su amsa, shi ke nan.

"Amshi ai ba waƙa ba ce," in ji shi. "Ko tsohuwar rijiya ka yi wa ihu za ta amsa maka."

Haka aka yi ta tafiya har yaƙin Turawa na biyu ya yi zafi. Aka kwashi samari da yawa aikin soja, ga shi kuma an matsa wa talakawa su noma gyaɗa. Hannu ya yi ƙaranci, gayya ta yi yawa. Ƙungiyar ba ta hutawa. Shi kuwa Mani furfura ta cika masa kai, numfashi ya fara gajarta, amma ba mai iya faɗa masa.

Ran nan ana tsakiyar gayya, rana ta take, manoma sun sunkuya, Mani ya ɗauko wani baiti mai tsawo. Ya kai inda ake ɗaga murya, sai muryar ta tsage ta tsaya masa a maƙogwaro.

Kafin manoma su ɗago kai, Talle ya cafe baitin ya ƙarasa shi. Talle shi ne babban ɗan amshinsa, wani ƙato mai faɗin ƙirji da ya bi shi tun yana matashi. Don ya rufa wa maigidansa asiri ya yi. Ko fartanya ɗaya ba ta tsaya ba.

Da aka zauna shan fura, mai gonar ya dafa kafaɗar Talle yana dariya.

"Kai, Talle! Ashe haka kake da murya ka ɓoye mana?"

Mani ya ajiye ludayi. Furar ba ta ƙara shiga ba.

Ya koma gida ya tarar da matarsa Barira tana tankaɗe a tsakar gida. Barira tsohuwa ce mai sayar da kunu a wuraren gayya, kuma ita kaɗai ce a garin ba ta tsoron bakinsa.

"Zan ajiye waƙa," ya ce.

"Alhamdu lillahi. Jiki ya daɗe yana faɗa maka, Malam."

"Jikin wa? Ke ma kin bi sahun jahilai? So nake su ɗanɗana zama babu ni. Kafin a yi maimai za ki ga Dagaci da kansa durƙushe a zauren nan yana roƙona in dawo."

Barira ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗenta.

"To wa za ka bar wa? Talle?"

Mani ya yi wani murmushi mara kyan gani.

"Za ki gani."

Ranar Juma'a bayan la'asar ya sa aka tara mutane a ƙofar gidan Dagaci. Ya miƙe riƙe da wutsiyar saniyar da yake kaɗawa in yana waƙa, wadda kowa ya san ita ce alamar shugaban mawaƙa. Ya marairaice fuska, ya ce shi bawan Allah ne mai rauni, tsufa ya zo, lokaci ya yi da zai koma ga carbi. Har da goge ido, ko ɗigon hawaye babu.

Mutane suka yi ta sa masa albarka. Idon kowa yana kan Talle.

Mani ya taka a hankali, ya wuce Talle kamar bai gan shi ba, ya je can ƙarshen layi. Ya miƙa wa Nababa wutsiyar.

Sannan wani ya tuntsire da dariya, saura suka kama.

Nababa mutumin kirki ne, amma muryarsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Kowa ya san abin da ya sa aka sa shi cikin ƙungiya: yana da jaki, shi yake ɗaukar ganguna.

"Baba, ni?" in ji Nababa. "Ni da ko akuyata na kira ba ta waiwayowa?"

Dagaci ya gyara zama. "Mani, ka dai duba da kyau kuwa?"

"Ranka ya daɗe, na duba," in ji Mani. "Na auna su duka, ban ga wanda ya fi wani ba. Wanda duk na ba, ɗaya ne."

Talle ya miƙe, ya kaɗe ƙurar wandonsa, ya yi wa Dagaci sallama ya tafi. Wasu 'yan amshin suka bi bayansa.

Abin da Mani yake so ke nan.

Gayyar farko da Nababa ya jagoranta abin tausayi ce. Barira ce ta kawo labari da ta dawo da ƙoƙunanta. Ta ce Nababa ya ja waƙa, 'yan amshi suka rasa inda za su kama, ganga ta yi gabas waƙa ta yi yamma. A ƙarshe wani manomi ya ɗago ya ce don Allah su yi shiru a yi aiki.

Mani ya yi dariya har da riƙe ciki. Ranar ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Kashegari da hantsi Nababa ya yi sallama a zaure. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa.

"Baba, na zo ne ka taimake mu. Ko zama ka riƙa yi kana gyara mana in muna koyo."

"Ni na yi murabus," in ji Mani, yana jan carbi da ƙarfi don a ji ƙararsa. "Ka je ka tambayi jakinka. Ya daɗe yana jin waƙata, wataƙila ya fi ka haddacewa."

Nababa ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce:

"Baba, na san abin da ya sa ka ba ni. Ni ba wawa ba ne, murya ce ba ni da ita. Ban kuma yi fushi ba. Amma mutanen nan dawar da ake ba su a kaka ita ke kai iyalansu ƙarshen bazara. In ƙungiya ta watse, su za su ji a jikinsu, ba kai ba."

"Ka gama wa'azin? Ka ja mini ƙyauren in ka fita."

Mani ya ci gaba da jira. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai ya gyara hula, ya ɗaure fuska. Sai ya tarar mai neman aron gatari ne, ko mai cigiyar tunkiya.

Can sai ya fara jin ganga da yamma, daga gindin ɗorawar bayan gari. Kullum sai an yi. Ya daure, ya daure, ran nan dai ya kasa.

"Wai su wa ke damun mutane da wannan hayaniya?"

"Yaranka ne," in ji Barira. "Talle ya dawo."

"Ƙarya ne! Talle ya fi ƙarfin ya bi bayan mai jaki."

"To ya bi. Nababa ya je gonarsa da fartanya, bai ce masa komai ba, ya kama kunya ya yi ta noma. Talle ya share shi, shi ko bai fasa ba. Ya koma kashegari, ya sake komawa, har kunya ta kama Talle ya ce masa ya faɗi abin da ya kawo shi."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce, wutsiya tana hannuna, murya tana wuyanka. An ba ni ne don a ci mutuncinka, kai ma ka sani. In ka zauna a gida, ka taya wanda ya ci mutuncin naka. In kana son wutsiyar, ga ta. Talle ya ce ba ya so, ya riƙe abarsa, ai shi ya fi kowa haƙurin tara mutane."

Mani ya yi tsaki.

"Makaho ya samu ɗan jagora. Bar su, gayyar Sarkin Noma na nan tafe."

Gayyar Sarkin Noma ita ce babbar gayya a wannan damina. Gonar gyaɗa ce mai faɗi, ana gayyato manoma daga ƙauyukan kewaye, har wakilin Hakimi yakan zo. In mawaƙan gari suka ji kunya a ranar, an dinga yi wa Tudun Gawo dariya ke nan a kowace kasuwa. Mani ya tabbata ba wanda zai yarda a shiga wannan rana babu shi.

Ya sa aka wanke babbar rigarsa aka kai bugu. Ya zauna.

Ana jibi gayya, sai ga sallama. Ya leƙa ta kafar zana, ya ga Nababa da Talle tsaye, Nababa riƙe da ƙunshin goro. Zuciyarsa ta yi fari tas. Ya koma ɗaki ya bar su a rana, ya sa rigar, ya naɗa rawani, ya warware, ya sake naɗawa. Sai da ya tabbatar sun yi gumi sannan ya fito yana tafiyar ƙasaita.

"To, me ke tafe da ku? Ku yi sauri, ina da lazimi."

Nababa ya ajiye goron a gabansa.

"Baba, gaisuwa muka kawo. Mun yi shawara, kai ka kafa abin nan, bai kamata a yi babbar rana ba ka nan ba. Mun roƙi Sarkin Noma ya shimfiɗa maka buzu a inuwa kusa da manyan baƙi. Ka zauna ka sa mana albarka. Kason kaka kuma, muddin kana raye, za mu riƙa kawo maka naka har gida."

Mani ya jira sauran maganar. Ba saura.

"In zauna?" ya ce. "A inuwa? Wa zai ja muku waƙar?"

"Mun shirya, Maigida," in ji Talle a taƙaice.

Mani ya sa ƙafa ya ture goron.

"Ku kwashe tsiyarku. Ni za ku mayar tsohon tulu, a jingine a gefe? Ranar za ku neme ni ido rufe."

Talle ya yunƙura zai yi magana, Nababa ya riƙe masa hannu. Ya tsince goron ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye a bakin ƙofa, suka tafi.

Ranar gayya Mani ya yi shiri. Dabararsa ita ce ya laɓe nesa kaɗan, ya bari su kwaɓa a gaban baƙi, sannan ya fito ya ceci garin kowa yana gani. Ya sa rigar bugun nan, ya bi ta bayan gonaki, ya tsaya a bayan wata kuka.

Gonar ta cika. Manoma sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa da kunyarsa. Aka buga ganga.

Talle ya ja baitin farko, amshi ya tashi kamar daga baki ɗaya. Mani ya taɓe baki. Wannan ai ya san da shi.

Amma da baitin ya ƙare, sai Nababa ya nuna wani da wutsiya. Wata siririyar murya mai zaƙi ta tashi sama, har tsigar jikin Mani ta tashi ba da sonsa ba. Ya leƙa ya ga mai ita. Khalilu ne, wani siririn maɗinki, wanda Mani ya yi shekara da shekaru yana kiransa Sauro.

Daga shi aka nuna wani, daga wani sai wani. Wannan ya yi wa manoma kirari da sunayen kakanninsu, wancan ya saka ba'a ga wanda aka bari a baya, gona ta ɗauki dariya, fartanyu suka ƙara sauri. Nababa kuwa ko baki bai buɗe ba. Yana tsakiya yana nuna wanda zai karɓa, yana yi wa makaɗa alama da kai.

Mutanen nan duk a bayan Mani suka tsufa. Bai taɓa sanin muryar ko ɗayansu ba.

Mai hankali a nan zai juya ya koma gida, ko ya je ya zauna a buzun da aka shimfiɗa masa, wanda yake hangowa babu kowa a kai. Amma Mani ya ga wakilin Hakimi yana gyaɗa kai, ya ga Sarkin Noma yana washe baki, sai ya kasa daurewa.

Ya fito daga bayan kukar, ya ratsa gonar da babbar riga, ya shiga gaban makaɗa ya ɗaga hannu. Makaɗan suka rikice, ganga ta tsaya. Ya cika ƙirji, ya ɗauko tsohuwar waƙarsa ta buɗe fage:

"Ina mazan da rana ba ta kora?"

Ya tsaya yana jiran amshi, yadda ya saba tun yana saurayi.

Shiru.

'Yan amshi suna tsaye, ba wanda ya dube shi. Duk Nababa suke kallo. Manoma suka fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya suna dafe da ƙugu. Talle ya harɗe hannu a ƙirji, da gani ka san ko za a kwana a nan ba zai amsa ba.

Sai wata murya mai kaushi ta fito ita kaɗai, ba daɗi, ba ƙarfi:

"Ga mu a kunya, ba mu tashi ba."

Nababa ne. Ya maimaita, yana kaɗa wa mutanensa wutsiya. A na biyun Khalilu ya shiga, saura suka bi, daga ƙarshe Talle ma ya saki hannu ya amsa. Ganga ta dawo, manoma suka sunkuya.

Mani ya ji ƙarfi ya zo masa. Ya ɗauko baiti na biyu, ya kai rabi, tari ya sarƙe shi. Ya yi ta yi har ya dafa gwiwa, rawani ya zame masa zuwa ido.

Nababa ya nuna Khalilu, Khalilu ya karɓa. Layin manoma ya ci gaba, makaɗa suka bi su, 'yan amshi suka bi makaɗa. Gayya ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Da tarin ya lafa ya ɗago, sai ya ga kowa ya yi nisa. Shi kaɗai ne tsaye a tsakiyar wurin da aka riga aka nome, cikin rigar bugu. Wata mata ɗauke da ƙwaryar ruwa ta zo wucewa, ba 'yar garin ba ce, ba ta san shi ba.

"Baba, don Allah ka matsa gefe," ta ce. "Kana taka musu gyaɗa."

Ya koma gida ta hanyar da ya zo. Da Barira ta dawo ta tarar da shi zaune a zaure, bai ko cire rigar ba. Kafin ta sauke kaya ya riga ta magana.

"Kin dai gani da idonki. Ina ɗaga murya suka amsa. Har gobe ni ne."

Barira ta sauke ƙwaryarta, ta dube shi tun daga rawani har ƙafa.

"Ina wurin, Malam. Ba kai suka amsa wa ba. Nababa suka amsa wa. Kai sadaka aka ba ka, a gaban mutane, kuma daga hannun wanda ka ce ya je ya tambayi jakinsa."

Ta shige ciki ta bar shi.

Mani ya yi shekaru bayan wannan. Kowace kaka Nababa yakan ɗoro dawa a jaki ya sauke masa a ƙofar gida, ya gaishe shi ya tafi. Mani bai taɓa cewa an gode ba, bai kuma taɓa mayar da dawar ba. Yakan zauna a zaure yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa waƙa ta lalace a garin nan. Masu tsayawar suka yi ta raguwa, har ya zama in mutane suka hango shi sai su sake hanya.

Darasi: In Allah ya ɗora ka a kan mutane, kada ka ɗauka muryarka kaɗai ce ke tashi, waɗanda ke bayanka su ne suke riƙe da kai. In lokacin sauka ya yi, ka sauka da zuciya ɗaya, ka miƙa wa wanda zai gyara, kada ka shirya wa na baya faɗuwa don a ce babu kamarka. Wanda ya raina mutanensa, ranar da zai nemi su amsa masa sai dai a amsa don tausayi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman duk wanda kuka san yana riƙe da wani shugabanci, ko na gida ne ko na ƙungiya.